Wa Ya Motsa Hannun? Musayar Waƙa Kan Zaɓin Ɗan Adam

Ishaku:
Salama gare ku. Baba Dauda, wannan taka ce, tun jiya ta hana ni barci.

A shekara ta 1983,
Libet, masanin ƙwaƙwalwa, ya ce wa mutane ga agogo gabanku,
Ku motsa hannu duk sa'ad da ya yi muku,
Ku lura da lokacin da niyya ta zo muku,
Ba dole, ba a kuma sa lokaci ba.

Wayoyin da ke kai suka ba da labari,
Ƙwaƙwalwa ta riga ta fara shiri,
Rabin daƙiƙa kafin motsi, tun da wuri,
Niyya kuwa daga baya ta iso da sauri,
Ashe ba ita ta buɗe ƙofa ba.

To Baba, in ƙwaƙwalwa ce ke yanka,
Ni sai dai a sanar da ni, a ce ga naka,
Don me ranar shari'a za a ce laifinka?
A ɗaure ɗan saƙo a bar mai aika,
Alhali ba shi ya rubuta takarda ba?

Baba Dauda:
Ɗana, tambayar nan ta girme ka,
Ta girmi Libet, ta girmi kakanka,
Malaman Kirista Agustin da Felajiyus sun ja daga kafinka,
A birnin Kartaj, shekara ta 418, majalisar ikilisiya ta yanka,
Duk da haka gardamar ba ta mutu ba.

Irasmus, malamin Kirista, ya kare zaɓi a 1524,
Shekara na zagayowa da Martin Luta a rubuce suka haɗu,
Luta ya ce nufin mutum dabbar hawa ce mai gudu,
Allah ko Shaiɗan ke bisa, arewa ko kudu,
Ba ita ke zaɓen mahayi ba.

Ni dai Littafin Fitowa na karanta da idona,
Nan Allah ya taurare zuciyar Fir'auna,
Can shi ya taurare ta, ga shi a gabana,
Ba a goge ɗaya don ɗaya ta zauna,
Ni ma ban isa in goge ba.

Malama Hannatu:
Ishaku ƙanena, rabin labari ka karanta ka rufe littafi. Ka bar Baba ya huta, ka zo nan.

Schurger, wani masanin ƙwaƙwalwa, a 2012 ya sake lissafi,
Ya ce ƙwaƙwalwa na kaɗawa kamar ruwan rafi,
Igiya na hawa na sauka, wata ta fi ƙarfi,
Tara waɗanda suka taɓa gaɓa kaɗai a shafi,
Za ka ga kamar shiri, alhali ba shi ba.

Kuma me aka zaɓa a ɗakin gwajin nan?
Lanƙwasa hannu, ba riba ba asara a nan,
Ba a ce yafe wa wanda ya cuce ka ran nan,
Ko faɗi gaskiya aikinka ya tafi nan da nan,
Mai awon ƙaiƙayi bai auna tsaba ba.

Shi kansa Libet bai ce zaɓi ya mutu ba. Ya ce tsakanin niyya da motsi da sauran ɗan sarari da mutum zai ce a'a, ya fasa.

Yohanna:
Laplace, masanin lissafi, ya ce da za ka san kowace ƙwayar zarra,
Wurinta da gudunta, ka san gobe ba saura,
Heisenberg, masanin kimiyya, a 1927 ya ce akwai gyara,
Biyun ba sa aunuwa cif tare, ko da dabara,
Ashe ba a kulle gobe da kwaɗo ba.

Ishaku:
Yaya Yohanna, wannan ba ta fisshe ni,
In sarƙa ta sake ni, caca ta ja ni,
Ƙuri'ar da ta faɗo ba ta tambaye ni,
Bawan caca ma bai zama ɗa ba.

Malama, na karɓi gyaran tsaba da ƙaiƙayi,
Amma ga Bitrus bakin wuta, dare ya yi,
Yesu ya riga ya ce musunsa sau uku zai yi,
Kafin carar zakara. Wane zaɓi ya yi?
Da ya ƙi musun, maganar Ubangiji ba ta faɗi ba?

Baba Dauda:
Yanzu ka zo gida. Wannan ta fi ta wayoyi nauyi, ni ma na daɗe ina tauna ta.

Agustin ya ce ka tuna abin da ka yi jiya,
Tunawarka ba ita ta sa ka yi shi ba, ko ɗaya,
Haka sanin Allah, gaba gare shi kamar baya,
Ya ga faɗuwar Bitrus tun daga nesa a hanya,
Gani dai ya yi, bai sa masa ƙafa ba.

Ka kuma dubi abin da ya biyo bayan cara,
Ya fita waje ya yi kuka mai zafi, ba sutura,
Wanda aka tura rijiya ba ya neman gafara,
Bitrus ya san bakin wa ya yi rantsuwa ya ƙara,
Bai ce wa kowa an rubuta ba.

Malama Hannatu:
Baba, a ƙara da Bulus a Romawa sura 7,
Nagartar da yake so ba ta fita, sai dai akwai,
Muguntar da ya ƙi ita yake yi, ba sau ɗaya kawai,
Nufi na nan, ƙarfin ne babu, sai alheri ya kai,
Gurgu na son tafiya, ba son ya rasa ba.

Ishaku:
Kukan Bitrus ya taɓa ni, Baba, ba na musu,
Amma hawaye ma ƙwaƙwalwa ke aiko su,
Ban sauka ba tukuna, tambayoyi ina da su,
Ban dai ƙara cewa an gama shari'a ba.

Ɗazu na rubuta wa Yaya Yohanna baiti mai zafi,
Yatsa na kan aikawa, na ɗauke shi da ƙarfi,
Na goge layi huɗu, na bar farin shafi,
Malama, ke da kika iya lissafi,
Wa ya goge, in dai ba ni ba?