Wane sifirin bawul ya dace da injin Chevy 350 na tsere?

Ɗan Kakuri:
Salamu alaikum manya. Chevy 350 ne, injin motar Chevrolet, an sa masa kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) mai ɗaga bawul inci 0.500, tafet ɗin (ƙarfen da ke hawa kan kamshaf) haidurolik mai shafaffen gindi. Ana son ya kai juyi 6,000 a minti. Sifirin kamfani zai ɗauka?

Baban Gareji:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Ba zai ɗauka ba, bawul zai riƙa shawagi, ya daina bin kamshaf har fistin ya mare shi. Nemi sifirin mai ƙarfin dannawa fam 105 zuwa 115 in bawul na rufe, kusan 280 in ya buɗe. Auna tsayinsa a mazauni, na asali inci 1.700 ne, in ya wuce ka cike da shim, wato siririn wosha da ake sawa ƙarƙashin sifirin. Bawul na cikakken buɗewa, a bar ratar inci 0.060 kafin zobban sifirin su haɗe, in ba haka ba fushrod, sandar da ke kai turin tafet zuwa bawul, ya lanƙwashe.

Mai Injin Panteka:
Baba ya faɗi gaskiya, amma wane kan inji ne? In samfurin Vortec ne, daga ɗagawar wajen inci 0.450 ritena (hular da ke riƙe sifirin) ke fara taɓa sil ɗin mai, sai an rage tsayin gaid (bututun da bawul ke bi) a mashin. Kada kuma ka ce sifirin mai ƙarfi ya fi, shi ke cinye kamshaf.

Baban Gareji:
Haka ne. In sifirin mai biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, cire na ciki a tashin farko, inji ya yi minti 20 a juyi 2,000 zuwa 2,500, sannan a mayar. Sifirin tsohon inji kuwa, a gwada shi a ma'auni tukuna.