Hotuna sun cika min waya, yaya zan kwashe su ba tare da na rasa ko ɗaya ba?

Maman Hanan:

Assalamu alaikum jama'a. Wayata Android ce mai 64 GB, ta cika maƙil, yanzu ko hoto ɗaya ba ta bari in ɗauka. Hotuna da bidiyo ne suka cinye wurin, na shekara da shekaru, duk a cakuɗe. Ina so in mayar da su kwamfuta in jera su yadda zan riƙa samun abin da nake nema. Na jona ta da kebul amma caji kawai take yi. Sannan akwai Google Photos a kanta: idan na goge daga ciki, suna nan a ajiye ko sun tafi?

Abu Sadiq:

Wa alaikumus salam. Maman Hanan, don Allah kada ki goge komai tukuna, musamman ta cikin Google Photos. Abin da ke wayar da abin da ke asusunki na intanet a ɗaure suke da juna, kin goge a cikin manhajar, ya tafi a duka biyun. Maɓallin da aka yi domin rage wa waya nauyi shi ne Free up space, yana cire na kan wayar kaɗai, kuma sai waɗanda suka riga suka hau intanet.

Batun kebul, abu biyu ne ke jawo shi. Akwai kebul ɗin da aka ƙera don caji kawai, babu zaren ɗaukar bayanai a cikinsa, don haka ki gwada wanda ya zo da wayar. In kebul ɗin lafiya lau ne, ki buɗe makullin wayar bayan kin jona, ki jawo fuskar daga sama, za ki ga sanarwar USB. Ki taɓa ta ki zaɓi File transfer. Muddin wayar na kulle, kwamfuta za ta nuna ta babu komai a ciki.

Hotunan kyamara suna foldar DCIM, cikin Camera. Na WhatsApp, daga Android 11 zuwa sama, sai kin bi Android, media, com.whatsapp, WhatsApp, Media. Ki leƙa Pictures da Download ma.

Ki yi kwafi (Copy), kada ki yanke (Cut). Hanyar da waya ke miƙa wa kwamfuta fayil tana yawan katsewa idan kaya sun yi yawa, wanda ya yanke kuwa bai san inda aka tsaya ba. Ki riƙa ɗauka kashi-kashi, kamar 500 a lokaci ɗaya, manyan bidiyo daban. In kin gama, ki kwatanta adadin fayilolin da ke wayar da na kwamfuta, ki buɗe wasu daga farko, tsakiya da ƙarshe, har da bidiyo, ki tabbatar suna buɗuwa.

Anti Bilki:

Abin da Malam Abu Sadiq ya faɗa daidai ne. Ni kan jerawa zan tsaya, don nan ne aiki yake.

'Yar'uwa, ki fara da shara. A yawancin wayoyi ba hotunan kyamara ne ke cinye wuri ba. Hoton kyamara mai megafiksel 12 bai cika wuce 3 zuwa 5 MB ba, amma bidiyon 4K na minti ɗaya yakan haura 150 MB. Ki jera fayiloli daga mafi girma, ki duba na saman nan. Sai WhatsApp: foldar Sent tana riƙe kwafin abin da kika tura wa mutane, ga kuma abin da guruf-guruf ke zubowa dare da rana. Ki kashe saukewa ta atomatik a saitin WhatsApp, ƙarƙashin Storage and data, in ba haka ba wata biyu kin dawo gidan jiya.

A kwamfuta, folda ɗaya ga kowace shekara, a cikinta ki sa suna da shekara a gaba, sai wata, sai abin da ya faru, misali 2023-08 Tafiya. Shekara a gaba ita ke sa su jeru da kansu. Kuma lambar wata ta zama biyu, 08 ba 8 ba, don kada Oktoba ta tsallako gaban Fabrairu.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne kwanan wata. Bayan kwafi sai ki ga hotunan duk sun nuna ranar da aka kwashe su. Ainihin ranar ɗauka tana binne a cikin hoton, a Windows ki jera da Date taken za ta fito. Banda na WhatsApp: shi yana matse hoto ya kuma kankare wannan bayanin, kwanan da ke sunan fayil ɗin na ranar da ya shigo wayarki ne. Shi ya sa ban yarda a yi ƙaurar hotuna ta WhatsApp ba. In ya zama dole, a tura a matsayin Document, zai isa yadda yake.

Mai Gyara:

Hajiya, kwafi ɗaya a kwamfuta ba ajiya ba ce, faifan kwamfuta yana mutuwa ba sallama. Kafin ki goge na waya, su kasance a wuri biyu: kwamfuta da faifan ajiya na waje, ko kwamfuta da intanet.

Google 15 GB yake bayarwa kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos ne ke rabawa. Tun 1 ga Yunin 2021 duk hoton da ya hau ana lissafa shi. Da ya cika, hawan ya tsaya, don haka ki buɗe Google Photos ki ga ko ya rubuta Backup complete. Foldar kyamara yake ɗauka da kansa, sauran sai kin kunna masa. Zaɓin Storage saver yana rage hoto zuwa megafiksel 16, bidiyo zuwa 1080p. Ya isa kallo, amma ba asalin ba ne.

In filash ko memori za ki yi amfani da shi, ki duba tsarin ajiye fayil da ke kansa: tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4 GB, sai tsarin exFAT. Canja tsarin yana share komai, a yi shi tun yana fanko. Akwai kuma na jabu da ke nuna girman da ba su da shi, su karɓi hotuna su lalata su. A gwada da H2testw, manhajar kwamfuta mai auna ainihin girman filash ko memori, kafin a amince.

Maman Hanan:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na canja kebul, ta fito a kwamfuta. Saura ɗaya: akwai memori a wayar, in cire shi in sa a kwamfuta bai fi sauri ba?

Mai Gyara:

Ya fi sauri, kuma ba ya katsewa kamar kebul. Amma ki duba Storage a saitin wayar tukuna. In an saita shi a matsayin ajiyar da ake cirewa, ki danna Unmount ko ki kashe wayar, sannan ki zare. In kuwa an haɗe shi da ajiyar cikin wayar, a kulle yake, wayar nan kaɗai ke iya karanta shi. Kwamfuta za ta nemi ki yi masa Format, kada ki yarda, ki mayar da shi cikin wayar ki kwashe ta kebul.