Neman Shawara: An Ce Fumfuna Ce Ta Kama Huhun Mahaifinmu Bayan Tarin Fuka

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ɗan kasuwa ne a Dawanau, hatsi da gyaɗa yake sayarwa. Ya yi jinyar tarin fuka, ya sha magani na wata shida har aka sallame shi, amma tari ya dawo masa, yana rama, wani lokacin kuma mukan ga ɗigon jini a kakin da ya tofar. An sake gwada kakin ba a samu ƙwayar tarin fuka ba, sai likita ya duba hoton ƙirjinsa ya ce yana zargin fumfuna ce ta zauna a huhun. Yayyena maza suna ganin a mayar da shi kan maganin tarin fuka kawai. Ina roƙon masu sani su bayyana mini abin da ke sa wani ya samu sauƙi wani kuma ciwon ya ci ƙarfinsa, sannan ko jikokinsa za su iya ɗauka.

Amsar wani likita:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Tarin fuka yakan bar kogo a cikin huhu ko bayan an warke, kuma a irin wannan kogon ne fumfunar da ake kira Aspergillus take samun mazauni, wani lokaci ta dunƙule har a gan ta a hoto. Alamominta sun yi kama da na tarin fuka ƙwarai, shi ya sa ake yawan mayar da mutane kan maganin da ba zai taɓa ta ba, ana ɓata watanni huhu yana ƙara lalacewa. A ganina wannan jinkirin shi ne babban abin da ke raba wanda ya farfaɗo da wanda ya sha wuya. Bayansa sai girman ɓarnar da aka riga aka yi, wato ko huhu ɗaya ne ko duka biyun, sai yawan shekaru, da tsananin rama, da ciwon suga ko cuta mai karya garkuwar jiki idan akwai.

Ku nemi ganin likitan huhu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a yi masa hoton CT da gwajin jini na Aspergillus IgG, mai nuna alamar fumfunar a jiki. Idan an tabbatar, akan ba da maganin fumfuna, itraconazole ko voriconazole, na aƙalla wata shida, ana auna lafiyar hanta lokaci zuwa lokaci. Ki jaddada wa yayyenki cewa rifampicin da ke cikin maganin tarin fuka yana karya ƙarfin waɗannan magungunan, don haka haɗa su ba tare da sanin likita ba asarar kuɗi ce da lokaci. Game da jikoki, ki kwantar da hankalinki, wannan ciwon ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum.

Amsar wata ma'aikaciyar jinya:
'Yar uwa, ki duba ledar magungunan Baba da kanki. Dattawa da yawa suna karɓar prednisolone ko dexamethasone a kemis saboda ciwon gaɓoɓi ko sarƙewar numfashi, alhali waɗannan suna raunana garkuwar jiki. Idan kin same su kada ki tsayar masa farat ɗaya, ki kai wa likita ya gani. Ƙwayar itraconazole kuma bayan cin abinci ake shan ta, maganin gyambon ciki kuma yana hana ta shiga jiki yadda ya kamata. In ya fara tofar da jini mai yawa, ko da tsakar dare ne, ku nufi sashen gaggawa.

Amsar wani ɗan kasuwa:
Hajiya, mu da muke cikin harkar mun san ƙurar da ke tashi idan aka buɗe sito bayan damina, musamman buhunan da suka sha laima suka yi baƙi-baƙi ta ƙasa saboda fumfuna. Ku lallashi Alhaji ya bar wa yaran shago sauke kaya da juye buhu, shi ya zauna daga waje inda iska ke kaɗawa yana kula da ciniki.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba ledar kuma na tarar da prednisolone a ciki. Zan tafi da ita wurin likita tare da tsofaffin hotunan ƙirjinsa.