Dan Allah a taimaka: MP3 ɗin marigayi Baba ya daina nuna karatunsa

Maman Khalil, Rafindadi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai sani ya taimaka mani, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya sayo wani ɗan MP3 a Makka shekarar da ya sauke farali, 2007. Ba ya rabuwa da shi, kullum yana aljihun gaban riga. In ya zauna a zaure bayan asuba yana ba almajirai karatu, sai ya danna ya aje bisa buzu yana ɗaukar muryarsa. Har nasihar da ya yi mani daren da za a kai ni ɗaki tana ciki, ban san ya ɗauka ba sai bayan rasuwarsa. Da aka zo rabon kaya, yayyena suka ɗauki littattafai da alkyabba, ba wanda ya kalli wannan, Inna ta ce a bar mata. Shekara shida ke nan da shi take kwana a kunne. Ba ta iya wayar shafa ba, idonta kuma ya yi rauni, amma maɓallan wannan ta san su da hannu ko cikin duhu.

Satin da ya wuce na ba mai shagon lodi ya ƙara mata karatun Alƙur'ani saboda azumi na matsowa. Tun da aka maido shi, sai ya kawo haske, ya rubuta wani abu da Turanci, ya ɗauke. Na ce ma Inna batir ne. Yau ta tambaye ni sau biyu. Ya zan yi?

Baban Yusra:
Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta. Wane iri ne, kuma me yake rubutawa?

Injiniya Bash, Ƙofar Ƙaura:
Hajiya kwantar da hankalinki, wannan ƙaramin aiki ne. Ni tun 2008 nake riƙe da iPod Classic mai giga 80, har yau yana aiki. Ki fara duba maɓallin kulle da ke sama, ki tura shi ki maido. Sai ki danne Menu da maɓallin tsakiya tare, kamar daƙiƙa takwas, har hoton tuffa ya fito. In ya ƙi, ki kara shi a kunne. Cikinsa akwai ɗan faifai mai juyawa irin na laftof, in kin ji yana ƙas-ƙas to faifan ne ya gaji. In ba ƙara, a jona shi da kwamfuta mai iTunes a maida shi sabo, an gama. Kada ki bari kowa ya taɓa maki shi, tun 2014 aka daina yin irinsa, yaran yanzu ba su san shi ba.

Maman Khalil:
Injiniya na gode, amma ba shi da tuffa kuma ba maɓallin tsakiya. Ɗan ƙarami ne kamar babban yatsa, ana cire murfinsa a soka a kwamfuta kamar filash. Batir ɗaya siriri irin na rimot yake ci. Sunan jikinsa ya goge. Abin da yake rubutawa "No Files".

Sadiya, Daura:
Anti, to ba iPod ba ne, ki bar waccan maganar gaba ɗaya. Ko da shi ne ma, maida shi sabo da iTunes share komai yake yi. Naki irin ƙananan nan ne marasa faifai, memori ke cikinsu. Tambaya ɗaya: da aka soka shi a kwamfuta, ta nuna cike yake ko wayam? In ta nuna cike amma ba a ganin komai, sai wasu gumaka masu 'yar kibiya a gefe, to bairos ɗin nan ne da ke yawo a kwamfutocin masu loda waƙa. Ba ya cinye fayil, ɓoye folda yake yi. A sami kwamfuta mai tsabta, a buɗe mata zaɓin nuna ɓoyayyun fayiloli har da na tsarin na'ura, a nemi folda mai suna VOICE ko RECORD. A nan irinsu ke aje muryar da aka ɗauka, da sunaye kamar REC001. Wasu WAV ne, kowace kwamfuta na buɗe su, wasu kuma ACT ne, sai an juya su da 'yar manhaja. A kwafe foldar duka kafin a yi komai. Kada a danna gumakan nan masu kibiya, su ne ke tada bairos ɗin.

Injiniya Bash:
Ƙanwata karatun aji daban, aikin hannu daban. Na gyara irin waɗannan sun fi a ƙirga. Teburin fayil ɗinsa ne ya rikice saboda an fizge shi daga kwamfuta yana cikin kwafa. Maganinsa fomat, wato a share shi a sake tsara shi, kuma lallai a zaɓi tsarin FAT. In aka yi kuskure aka sa NTFS ba zai ƙara karanta komai ba. Minti biyu ya dawo garau.

Sadiya:
Yaya Injiniya, na'urar za ta dawo, muryar Malam fa? Ita ba MP3 take nema ba.

Injiniya Bash:
Bayan fomat ai ana iya dawo da su da Recuva, manhajar tono fayilolin da aka goge. Ni na san abin da nake faɗi.

Malam Sani Tela:
Ni dai masu lodin nan sun gama da ni. Memorina mai hotunan sunan ɗana na fari na ba wani ya sa mani tafsiri, ya maido mani shi cike da finafinai, wai wuri ne bai isa ba ya rage wasu abubuwa. Da na yi magana cewa ya yi in kawo ɗari biyar ya gwada dawo da su. Har gaban mai unguwa muka je. Hoto ko ɗaya ban samu ba, yaron yanzu yana aji uku.

Hajiya Turai:
Ku duba batir tukuna. Na maigidana haka ya riƙa yi, ya kawo ya ɗauke, ashe batirin nan mai arha ne ya yi ruwa a ciki, farin gari ya kama ɗan ƙarfen. Da ɗan auduga a tsinke muka goge. Batiran yanzu ba su da albarka, kwali guda na saya ma jikokina a babbar kasuwa, sati bai yi ba. Ke kuma Maman Khalil, abu mai daraja haka, ya za ki ba mai shago?

Maman Khalil:
Hajiya ba mai shago haka kawai ba ne, ɗan maƙwabtanmu ne, a gabanmu ya tashi, Baba ma ya koya masa karatu. Shekara nawa shi ke sa mamu abubuwa a waya ba mu taɓa samun matsala ba. Batir kuwa sabo na sa har guda biyu. Sadiya, ya ce mani kwamfutar ta nuna akwai kaya a ciki, amma ta fito da wani rubutu tana neman a yi wani abu, shi kuma ya danna. Bai tuna ko "eh" ya danna ko "a'a" ba.

Sadiya:
Innalillahi. Anti wannan ita ce maganar da ya kamata ki fara faɗa. Ya loda karatun bayan ya danna? In fomat ne na sauri, muryar na nan kwance muddin ba a zuba sabon abu bisa ta ba, manhajar PhotoRec ko Recuva na iya tono ta. Duk fayil ɗin da aka ƙara yana iya danne wani na Malam. Ki cire batirin ki aje shi, kada a ƙara kunnawa, kada a ɗauki murya da shi.

Baban Yusra:
Ki ba wani amintacce ya kai shi kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Sannan ki tambayi yayyenki da tsofaffin almajiran Malam, da wuya a ce ba wanda ya taɓa kwafa.

Maman Khalil:
Kano kam ba zan iya sakin shi ya yi nisa da ni ba, in ya ɓace a hanya me zan ce? Yayyena kuma in suka ji, magana za ta koma wani wuri, dama suna cewa ni nake juya Inna. Kunnawa kuwa na kunna shi ya fi sau ashirin tun jiya, ina ganin kamar zai dawo. Kuma yaron ya ce in maido mashi gobe zai gwada wata dabara, ina jin nauyin in hana shi kamar na zarge shi.

Injiniya Bash:
Ki kawo mani shi kawai. Fomat zan yi da hannuna.

Sadiya:
Anti dan girman Allah kada ya koma waccan kwamfutar. Ranar Asabar zan shigo Katsina, in kin yarda in zo da laftof ɗina har gida, a gabanki za a yi.

Maman Khalil:
Asabar ta yi nisa, Sadiya. Inna ta aiko yanzu wai in kawo mata abinta ko da bai magana, ta riƙe a hannu. Wai in an bar shi da batir ya kwana a kunne ba zai gyara kansa ba?