Idan ceto kyauta ne, ina amfanin ayyukanmu?

Mai tambaya:
Salama a gare ku, 'yan'uwa. Tun ina yarinya aka koya mini cewa ta wurin alheri aka cece mu, ba don ayyukanmu ba, kamar yadda Bulus ya rubuta a Afisawa 2:8-9. Amma daren jiya na karanta Yaƙub 2:26, inda aka ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce, sai na rufe littafin na yi tagumi. Shin manzannin nan biyu sun saɓa wa juna ne?

Wani dattijo:
'Yata, da kin ƙarasa zuwa aya ta 10 a Afisawa 2 ɗin, da kin ga Bulus da kansa yana cewa an halicce mu cikin Almasihu domin ayyuka nagari. Shi yana magana ne a kan tushen ceto, Yaƙub kuwa a kan 'ya'yan da ceton yake bayarwa. Ki dubi ɓarawon nan na Luka 23, yana rataye a kan gicciye, ba shi da sauran lokacin mayar da abin da ya sata, balle ya tara lada. Iyakarsa ya roƙa a tuna da shi, Yesu kuwa ya yi masa alkawarin Firdausi a ranar nan.

Wani malamin tauhidi:
Baba ya yi gaskiya, sai dai tambayar ba sabuwa ba ce. Wani malamin Kirista na dā mai suna Felajiyus ya koyar cewa mutum yana iya bin umarnin Allah da ikon kansa, Agustin, wani bishop a Arewacin Afirka, ya ƙi amincewa, majalisar bishop-bishop da ta zauna a birnin Kartej kuma ta yi watsi da koyarwar a shekarar 418. Muhawarar ta sake kunno kai a zamanin Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, daga 1517, kuma sai a 1999 Katolika da Lutheran suka sa hannu a birnin Augsburg cewa ceto alheri ne, ko da yake a ganina bambancinsu kan matsayin lada bai gushe ba.

Mai tambaya:
Na gode, Baba, na gode, Malam. Yanzu na gane inda gizo yake saƙar. A misalin gonar inabi na Matiyu 20, wanda ya yi aikin sa'a ɗaya ya karɓi dinari guda daidai da wanda ya sha rana tun safe, kuma duk lokacin da na karanta shi, a cikin ma'aikatan safen da suka yi gunaguni nake samun kaina.