Neman shawara: yaya kuke rubuta saƙon commit?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu muke haɗa manhajar wani kantin magani a Kano, aikin yana kan GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu. Duk canjin da muka ajiye, wato commit, ana haɗa shi da ɗan saƙon bayani. Jiya lissafin rangwame ya rikice, na buɗe git log, wato jerin commit ɗinmu da saƙonninsu, in gano inda ɓarnar ta shigo, sai na tarar da "gyara", "gyara 2", "update", "final". Awa uku na kwashe ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya, mai kanti yana ta kira. Abin ya dame ni ƙwarai. Don Allah yaya kuke rubuta naku? Tsofaffin kuma suna gyaruwa?

Wani yaya daga Zariya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Layin farko ya zama gajere, haruffa kamar 50, ka tsallake layi ɗaya, sannan bayani. Amma tsayin ba shi ne damuwata ba. Abin da ka canza, git diff zai nuna wa kowa. Dalilin canjin kuwa a kanka kaɗai yake, in ba ka rubuta ba ya tafi ke nan. Misali: "Gyara cire rangwame sau biyu". A ƙasa: "In mai saye ya ɗauki kwali da sache tare, ana cire masa a kowanne. Yanzu a jimla kawai ake cirewa." Wanda git blame (umarnin da ke nuna commit ɗin da ya taɓa kowane layi a ƙarshe) ya kawo shi layin nan bayan wata shida, ba sai ya neme ka a waya ba.

Wata 'yar uwa daga Kaduna:
Malam, sau da yawa commit ɗin ne ya yi nauyi. Gyara biyar a ƙunshi ɗaya, wane suna za ka sa masa? Ka rarraba su da git add -p. Mu muna fara saƙon da fix: (gyara) ko feat: (sabon abu), kuma in ka rubuta "Fixes #12", GitHub zai rufe ƙorafi mai lamba 12 da zarar aikin ya shiga babban reshe, wato ainihin kwafin aikin.

Wani daga Maraɗi:
Tsofaffin da aka riga aka tura, ka ƙyale su. Umarnin git commit --amend da git rebase -i, waɗanda ake gyara tsohon commit da su, suna sauya lambar commit, sai tarihinka ya saɓa da na abokanka. Ka yi amfani da su kafin ka tura kawai. Neman ɓarna kuma, gwada git bisect, wanda ke raba tarihin biyu-biyu har ka gano commit ɗin da ya kawo ta.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan zauna da sauran ukun mu tsayar da tsari ɗaya, har da yaren da za mu riƙa rubutawa, don yanzu Hausa da Turanci a cakuɗe suke.