UPS ɗina ba ya riƙe wuta

Abba_Kurna: Salam jama'a, UPS ɗin shagona (na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan babu lantarki) da an ɗauke wuta sai ya yi ƙara ya mutu, jiya ina tsakiyar buga wa wani takarda komai ya tafi. Sabo zan saya ne?

Baban Khalifa: A'a malam, batir ne ya gaji. Zare shi daga soket, kwance murfin za ka ga ƙarfinsa a rubuce a jikin batir ɗin, kamar 12V 7Ah, irinsa za ka nema. In biyu ne canza su tare, tsohon zai cinye maka sabon.

Maman Hanif: Ka ɗau hoton wayoyin kafin ka cire, ni na taɓa juya ja da baƙi fis ya ƙone.

Abba_Kurna: Na buɗe, ashe har ya kumbura wlh, shekara biyu kacal fa!

Baban Khalifa: Zafi ne, matsar da shi inda iska ke shiga.